Yadda Kawu Nomau Ya Kama Iska da Garwa

Tunda na dawo Agiye ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago ya ce, "Lawali, wai gaskiya ne da garwa kuka yi tafiya?" Wani ya ce shi daron wanki ya ji. To na gaji da maimaitawa, bakina har ya bushe. Ga labarin nan tun daga tushe. Wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa, in bai iya karatu ba ya nemi mushe, wato malamin makaranta, ya karanta masa.

Ni haifaffen Gidan Sori ne, ɗinki ya kawo ni Agiye. Innata Dije tana can gida. Tana da wa guda ɗaya tak, Kawu Nomau maƙeri, wanda ya bar gari ina goye. A zamanin jam'iyya ɗaya aka zo zaɓe, aka miƙa wa kowa takarda guda aka ce ya jefa. Kawu ya juya takardar gaba da baya, ya tambaya a gaban jama'a, "Ina ta biyun?" Tambayar nan kaɗai ta sa aka ɗaure shi a rana a ƙofar maƙerarsa, tun hantsi har la'asar, yara suna kallo. Da aka kwance shi ya ɗauki masabarsa, ya rantse ba zai sake taka Gidan Sori ba sai ranar da za a ba shi takarda fiye da ɗaya. Ya tsallaka iyaka ya zauna a wani ƙauye bayan Ɗankama. Inna kuma ta ce ba ita ta kore shi ba, ba za ta bi shi ba. Taurin kai a gidan kakana gado ne. Kusan shekara talatin sai dai saƙon gaisuwa a bakin fatake.

Amma duk ƙidayar da aka zo yi, Inna ba ta taɓa bari an cire sunansa daga katin iyali ba. Da aka yi taron ƙasa, jam'iyyu suka fito rututu, sai ga katin zaɓe da sunan Nomau. Ta aika masa baki, ya ce ƙarya ce. Aka yi zaɓe ya wuce, aka sake yi ya wuce, saura zagaye na ƙarshe, ranar Asabar. Sai ta aiko mini da katin a ƙulle a bakin tsumma, da saƙo: "Ka kai mashi ya gani da idonai. Ƙafafuna sun ƙi, idona ya fara hazo. In ba a wanga karo ba, ban san ko muna ganawa ba."

Don haka na nufi garejin abokina Ila bakanike. Kun san Ila, kun kuma san Shaho, tsohuwar mota familiyal ɗin nan da ya cire wa inji ya dasa mata na wata babbar mota, mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi. In ya taka totur sai ka ji wani siririn fito, bayanka ya manne da kujera. Sai dai injin ya fi gidan girma. Don ya shiga, Ila ya matsa da lagireto gaba, wato tankin ruwan nan mai ƙananan ramuka da ke sanyaya inji. Ya cire kwanon da ke kewaye da fanka ya yar, ya ɓalle ragar gaba, ya yanke rabin bamba. Gaban Shaho ya zama wawakeken rami, kana iya zura hannu ta kowane gefen lagireton har kafaɗa.

Na ce, "Ila, ba ta zafi?"

Ya ce, "Zafi? Dubi ƙofar da na buɗe wa iska! Ko fadar sarki ba ta da irinta."

Ranar Alhamis da safe muka tashi. Daga Agiye zuwa Gazawa, wallahi ban gama cin gyaɗar da ke hannuna ba muka iso. Ila yana ta ihu, yana duka sitiyari, yana wa motocin haya kirarin banza. Daga Gazawa muka saki kwalta muka yi kudu. A nan na fara lura da wata allura a gaban direba tana rarrafawa wajen ja. Na nuna masa. Ya ce allurar ce ke da zumuɗi, ya ɗora hularsa a kanta. Sau biyu muka tsaya ya ƙara ruwa, kowane karo ya ce dama fitsari yake ji.

Can ƙetare, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shayi. Mu nan ɗan kofin gilashi ake ba ka, mai ɗaci, ka kurɓa sau uku ka tashi. Su kuwa wani kofi aka dire mini wanda za a iya wa jariri wanka a ciki, fari fat da madara, da burodi mai laushi da zaƙi, ka matse shi ya koma dunƙule. Na tambayi mai shayin ko ba su da dogon burodi irin namu, ya ce, "Wannan sandar da kuke dukan juna da ita?" Su ma a lokacin suna cikin hidimar zaɓe, amma nasu daban. Mai shayin ya ce a wajensu layi ake yi a fili bayan hoton wanda kake so, surukinka yana kallonka, mai gidan da kake haya yana kallonka. Da na ce mu labule ake sa mana da ambulan, ya riƙe baki ya ce, "To yaya za a yi a san maci amana?"

Mun sami Kawu a maƙera, dogo, siriri, gemunsa fari, yana zuga wuta da kansa. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi sunan uwata. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, sannan ya ce, "Kunnuwan Dije ne." Na kwance tsumman na miƙa masa katin. Ya sa aka kira wani malamin makaranta ya karanta masa sunan sau biyu, da sunan ubansa, da sunan gari. Ya karɓi katin ya cusa shi a aljihu.

Ya ce, "Ina zuwa. Amma ka ji da kyau, ɗan Dije. Ni ba ziyara za ni ba. In mun tarar an ruhe akwati, ba ni sauka daga mota. Ku juyo da ni."

Na ce, "Haba Kawu, ko Inna ba ka gani?"

Ya ce, "Rantsuwa ta riga ta."

Ila ya yi dariya ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Shaho ce fa. Gobe war haka kana cin tuwon ƙanwarka."

Kawu ya zagaya gaban motar, ya leƙa ramin nan, ya ce "Uhm," ya koma wajen wutarsa. Mun kwana a zaurensa, matarsa ta yi mana tuwon masara miyar kuɓewa, an zuba manja har yana iyo.

Juma'a da hantsi muka ɗauko hanya, Kawu a baya da jakar fata a kan cinya. Ya ƙi a sa ta a but, ya ce masabarsa ba ta tafiya a inda ba ya ganinta. Zafin bazara kuwa ranar ba a magana. Ba mu yi nisa ba Shaho ta fara tafasa. Muka tsaya, muka jira, muka zuba ruwa. Muka ɗan taɓa, ta sake. Jarka biyu suka ƙare, muka shiga roƙon ruwa a rijiyoyi. A wata ruga wata Bafulatana ta ba mu ƙwarya guda, ta tsaya tana kallon yadda motar ke shanyewa, ta ce ko raƙuminsu ya fi ta kunya.

Duk tsayawa sai Ila ya ƙara buɗe wani abu. Ya cire sauran bamban. Ya ɗaga kafo, murfin injin, ya tokare shi da dutse. Daga baya ya ce ai kafon ne ma ke riƙe zafi, ya kwance shi ɗungurungum muka ɗaure a saman mota. Haka muka iso iyaka, inji tsirara, mu kuma fuska duk baƙin mai.

Ga shi an ce za a rufe iyaka da yamma saboda zaɓe, sai bayan an gama. Mun tarar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya riga ya jawo sandar shingen rabi. Ya zagaya Shaho sau biyu, ya ce, "Wannan mota ce ko kayan gyara kuka shigo da su? In kayan gyara ne akwai takardarsu." Ila ya fara rantse-rantse. Kawu ya sauke gilashi, ya miƙo katin zaɓensa. Mutumin ya duba, ya dubi tsohon, ya tambaye shi yaushe rabonsa da ƙasar. Da ya ji amsa sai ya ɗaga sandar da hannunsa, har ya sa baki aka tura mu, don Shaho ta mutu a daidai kan shingen.

Ana kiran magariba muka rarrafo Gazawa. Muka sauka a gidan Hajiya Tabawa, mai tuwo a bakin tasha, wadda ke ba direbobi rumfa da tabarma. Mace ce mai jiki da murya, ba ta raga wa kowa. Da ta ga motar ta ce, "Innalillahi! Wa ya yi mata fiɗa?" Ta kawo mana tuwon hatsi miyar kuka da daddawa. Kawu ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya daɗe bai haɗiye ba. Ya ce rabonsa da tuwon da aka tuƙa haka tun na uwarsa. Hajiya ta ce, "To ci, tsoho, kar ka sa mini hawaye a miya, gishirinta ya ji." Rumfar kuwa akwai sauro, akwai wani direban babbar mota mai minshari kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, amma gajiya ta sa ban san inda kaina yake ba.

Asabar da asuba Ila ya ce ya gano matsalar, ruwan ƙetare ne bai karɓi injin ba. Ya juye, ya zuba na Gazawa. Muka fita da sanyin safiya muna murna. Rana na ɗagowa, ko gonakin bakin gari ba mu gama wucewa ba, sai ga tururi fuu. Amalanken shanu ne ya jawo mu muka koma ƙofar Hajiya, mutane suna tafiya wajen zaɓe suna nuna mu da baki.

Ila ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ranar zaɓe ce, an hana motocin haya fita, tasha wayam. Na tuna Inna tana can ta sa an share ɗaki, na ji kamar in kurma ihu.

Sai Kawu ya buɗe ƙofa ya fito, ya ce wa Ila, "Kai yaro, ka gama?"

Ila ya ce, "Baba, na buɗe mata ko'ina. Ban san kuma inda iska ke so ba."

"To tashe ta."

Ya karɓi wani tsumma a wajen Hajiya, ya tusa a murhu har ya kama hayaƙi, ya zo ya riƙe shi a gaban lagireton, fanka tana juyawa. Muka taru muna kallo. Jama'a, da idona na gani. Hayaƙin nan ya taho kamar zai shiga, da ya iso fuskar lagireton sai ya rabu, wani ya bi ta dama, wani ta hagu, wani ya nutse ta ƙasa. Ɗan kaɗan ne ya ratsa ta cikin ramukan. Kawu ya kama hannun Ila ya kai shi gefe, ya ce, "Mi ka ji?" Ila ya ce, "Iska mai zafi." Ashe wadda fankar ta ja ta baya ita ce ke zagayowa ta gefe ta sake shiga ta gaba.

Kawu ya ce, "Shekara nawa kana ganin maƙera? In na aje zugazugi nesa da wuta na yi ta bugu a hili, ƙarfe na ja? Sai na sa mata bututun laka, na liƙe ko'ina, ta rasa wajen bi sai cikin gawayi. Ita iska ragguwa ce. Ka sa mata abu mai ƙananan ramu a gaba, ka kuma buɗe mata manyan ƙofofi a gefe, mi zai kai ta wahala? Kai tun jiya ƙofofin gudu kake ƙara mata."

Ila ya ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa tun jiya?"

"An tambaye ni?"

Hajiya ta tuntsire da dariya har tana riƙe ƙugu. Nan take aka shiga neman kaya. Ta fito da garwa uku na man gyaɗa da suka huje. Wani mai faci ya ba mu tsohuwar robar cikin taya. Kawu ya buɗe jakarsa, ga masaba, ga kurfi, ga awartaki, ga almakashin kwano. Ya sa aka mayar da kafo da bamba tukuna, ya ce duk abin da Ila ya cire jiya a mayar. Sannan ya farke garwunan ya shimfiɗa, ya auna da tafin hannu da tsinke, ya yanka gida huɗu: biyu na gefe, ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Ya lanƙwasa bakunansu suka kama juna, abin ya fito kamar mazurari mai kusurwa huɗu, tun daga hancin mota har fuskar lagireto. Bakin waje ya matse shi, cikin ya buɗe.

Ila ya ce, "Baba, ai ka rage ƙofar! Ba babban baki ya kamata a yi ba?"

Kawu ya ce, "Wadda ta shiga ta ƙaramin baki ta samu wuri ciki, sai ta natsu ta bazu ko'ina ta tura. Riƙe nan, ka rage magana."

Ni aka ba aikin roba, tunda tela ne. Na yanka ta siri-siri, na bi duk inda kwano ya haɗu da lagireto na cusa, muka ɗaure da waya. Kawu yana bi da yatsa, inda ya ji kafa ko ta shigar tsinke ce sai ya ce a sake. Saura fanka. Ya ce ita ma sai an yi mata gida, don ta ja ta cikin ramukan kaɗai. Ya waiga ya hango daron da Hajiya ke wanke kwanuka. Hajiya ta ce, "Kul! Tsoho, kar ka soma." Ya ce, "Hajiya, shekara talatin ban ga ƙanwata ba." Ta yi tsaki, ta juye ruwan da kanta ta miƙo, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da maƙera. Ya fasa gindin daron daidai faɗin fankar, ya buga bakinsa ya zauna a bayan lagireton daram.

Da muka ce an gama, sai ya ɗauki kurfi ya hau kan kafo. Ila ya yi tsalle ya riƙe masa hannu. Fentin nan shi Ila ya fesa da kansa, kore shar. Kawu ya ce wadda ta shiga tana son wajen fita, in ba haka ba ta cika ɗakin inji ta hana ta baya shigowa. Ila ya juya baya ya toshe kunne. Kawu ya tsaga layi shida a bayan inda fankar take, ya ɗan ɗaga leɓen kowanne ta gaba. Aka sake kawo tsumman hayaƙi. Wannan karon hayaƙin ya miƙe zar ya shige, ya fito ta tsagogin nan. 'Yan kallo suka sa tafi, wani ya yi guɗa da muryar maza.

An yi azahar muka tashi. Ila ya cire hular daga kan allura, muka zuba mata ido mu biyu. Ta hau, ta hau, ta zo tsakiya, ta tsaya. Ya ƙara wuta, tana nan. Ya taka har ƙasa, turbo ya yi fitonsa, garwa ta amsa da wani irin kuka kamar sarewar makiyayi, allura ko gezau. Ila ya fara dariya, dariyar ta koma ihu, ya leƙa ta taga yana gaya wa jakuna, "Tana tsakiya! Tana tsakiya!" Ni ma na kama. Na waiga na ga Kawu ya riƙe hularsa da hannu biyu, bakinsa a buɗe, haƙoransa uku duk a waje.

A Agiye na ce mu wuce kawai, ko da yake katina da na Ila na nan ne, a bar namu zaɓen. Kawu ya ce sam. "Ba ku kai ni in jefa ku ku rasa. Ku sauka." Muka ruga lakol, makarantar da ake zaɓe a ciki, ga layi. Ila ya bi layin yana ba da labarin tsohon da ke cikin mota, kafin ya kai ƙarshe mutane da kansu suka tura mu gaba. Ban taɓa yin abu mai girma da sauri haka ba.

Kafin Maradi jandarma suka tare mu, suka ce ina takardar izinin tafiya ranar zaɓe. Babu. Babbansu ya durƙusa yana leƙen hancin Shaho, ya karanta rubutun man gyaɗa a jikin garwar, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Kawu ya sake miƙa katinsa. Jandarman ya dubi agogo, ya ce, "Gidan Sori? Ku da wa? Ku tafi, kar ku tsaya ko gaisuwa." Muka ratsa gefen Maradi, muka wuce Tibiri ana sallar la'asar, muka yi tamu a bakin hanya a gurguje, sannan muka faɗa hanyar rairayi.

A nan ne, muna cikin gudu, garken zabi ya tashi a gabanmu, muka ji wani ɓam. Ba mu kula ba. Jim kaɗan allura ta fara hawa. Ta wuce tsakiya, ta doshi ja. Ila ya ce, "Shi ke nan, garwar ta faɗi!" Muka tsaya muka zagaya gaba, sai ga wutsiya tana leƙowa daga bakin mazurarin. Zabuwa ce ta shige ta toshe shi, ta baje fukafukai a fuskar lagireto. Ila ya jawo ta da ƙafa, ta tsattsage masa hannu, ta dire ta ruga daji tana zaginmu. Kawu ya ce, "Ka gani? Har tsuntsu ba ya samun wajen kaucewa. Gobe ka sa mata raga." Muka tsince gashin, allura ta sauko.

Rana ta yi ja muka hango rumbunan Gidan Sori. Saura kaɗan, Shaho ta nutse a yashi har ciki. Ila ya yi gaba ya yi baya, ta ƙara zama. Na fita na fara tona da hannu kamar mahaukaci. Sai ga mutane suna dawowa daga zaɓe, kowa da tawada a yatsa. Wani dattijo ya leƙa cikin motar, ya ja da baya, ya sake leƙawa, ya ce, "Nomau? Nomau na maƙera?" Ya juya ya kwarara kira. Ban san daga ina mutane suka ɓullo ba. Ba tura motar suka yi ba, ɗaukarta suka yi, da Kawu a ciki, suka dire a kan tauri. Wasu suka ruga gaba suna ihu kar a rufe.

A ƙofar lakol na hango Inna zaune a kan turmi, an ce tun safe take nan, ta ƙi shiga inuwa. Mushen da ke shugabantar wurin yana tsaye a bakin aji da agogo a hannu, layi ya ƙare. Ila ya ja birki. Kawu bai motsa ba, ya ce mini, "Tambayo." Na ruga na tambaya, mushen ya ce, "Akwati a buɗe yake, amma ya yi sauri."

Sai a lokacin ya sauko da ƙafarsa ƙasa. Ya bi ta gaban Inna, rigarsa har tana shafar gwiwarta, bai dube ta ba, ita ma ba ta ɗaga kai ba. Aka duba sunansa, aka miƙa masa ambulan da takardu biyu. Ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya tsaya yana kallonsu har mushen ya yi gyaran murya. Ya shiga bayan labule. Ya fito ya jefa, aka dangwala masa tawada, aka rufe akwatin a bayansa.

Ya taho a hankali ya tsaya a gabanta, ya ce, "Dije."

Ta kama hannunsa, ta jawo yatsan kusa da idonta, ta juya shi ta ga tawadar sosai. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Ka tsufa, Yaya."

Ya ce, "Ke ma."

Ta ce, "Fura na dama maka tun safe, ta yi tsami. Haka za ka sha ta."

Ya ce, "Kawo." Ya durƙusa a gaban turmin, ita kuma ba ta saki yatsan ba.